Tambayi Malamin Kiwo: Kajina sun ƙi kwana a akurki, yara kuma sai susa

Jama'a assalamu alaikum. Tunda ruwan farko ya sauka saƙonnin da ke shigo min suka koma abu ɗaya, ƙwarin kaji, wani ya ce ƙuma wani ya ce ƙwarƙwata, wani ma cewa ya yi kuɗin cizon ɗakinsa ne suka yi ƙaura zuwa akurki. Na tsinto guda shida da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran. Masu tambaya kan tsadar abincin kaji ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba, ni ma ban gama farfaɗowa daga kasuwar ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah a taimaka min, ina da kajin Hausa 14 da zakara biyu, akurkin katako ne mai rufin kwano kafinta ya haɗa min shekara biyu kenan basu taɓa bani matsala ba, magariba na yi da kansu suke shiga. Toh yau kusan sati uku sun ƙi shiga sai su haye katanga ko bishiyar mangwaro sai mun bi su ni da yara muna kamawa muna turawa, in an rufe su kuma kana jin motsinsu har tsakar dare. Ƙwai da nake samun biyar shida a rana yanzu da ƙyar ɗaya ko biyu, zankonsu duk ya koɗe. Na kama su ɗaya bayan ɗaya da rana na buɗa gashinsu wallahi banga komai ba. Na basu kafson nan ja da rawaya a ruwa kwana biyar ba canji. Sannan yarinyata da ke ɗebo ƙwai duk hannunta ya feso da ƙuraje sai susa take. Maƙociyata tace wai baki ne ko muzuru ke tsorata su. Daga wata uwar gida, Funtuwa.

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya sa wa kiwo albarka. Ki gaya wa maƙociyarki ba baki ba ne, shi ma muzuru a wanke shi, in shi ne ai gashi da jini za ki tarar da safe. Kajinki gudun cizo suke yi, sun fi ki sanin abin da ke cikin akurkin nan tunda su ke kwana a ciki.

Yau ɗin nan bayan isha'i da kamar awa biyu ki ɗauki fitilar waya da farin ƙyalle ko tishu, ki goga a ƙarƙashin sandar da suke hawa su kwana, ki danna sosai, musamman can ƙarshe inda sandar ta haɗu da jikin akurki. In kika ga jan zane a ƙyallen kamar an share jini, to jinin ne kuwa, na kajinki. Ki haska mahaɗar katako da gindin ƙusa za ki ga wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa suna tafiya, babbansu bai wuce milimita 1 ba, wanda bai sha ba ruwan toka ne, wanda ya ƙoshi ja ne, in jinin ya kwana a cikinsa sai ya koma baƙi-baƙi. A bakin tsagar kuma akwai wani gari fari da baƙi kamar an barbaɗa toka, kashinsu ne da saɓarsu.

Mu a gida duk ƙuma muke ce musu ko ƙwarƙwatar kaji, likitocin dabbobi suna kiran wannan Dermanyssus gallinae, ni dai jar ƙuma nake ce mata don a bambanta ta da sauran. Asali ma 'yar uwar kaska ce, ƙafarta takwas, ba ta tsalle ba ta tashi. Halinta sak na kuɗin cizo, a jikin ɗaki take zaune, sai dare ya yi ta fito ta hau kaza ta sha jini kamar awa ɗaya ta sauka ta koma raminta tun gari bai waye ba. Kinga dalilin da kika duba da rana ba ki ga komai ba. Kafson nan kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki, ki daina ba su, asarar kuɗi ce kuma yana fita a cikin ƙwan da yaranki ke ci.

Kar ki ji kunya, ni ma da takardar shaidata a aljihu sai da ta kunyata ni. Farkon fara aikina aka kira ni wani gida a ƙauye da azahar, na kama kaji na ɗaga fiffike na duba dubura na ce lafiyarsu lau ƙarancin abinci ne kawai, har da rubuta bitamin. Tsohuwar gidan na zaune a tabarma tana tsintar wake ba ta ce min uffan ba, sai da na ɗau kekena ta ce, yaro mai son ganin ɓarawo ai ba da rana yake zuwa ba. Na dawo da dare da tocila, ta sa jikanta ya zare sandar kwanan daga raminta, wallahi bakin sandar kamar an tsoma shi a dakakken jan barkono, kuma barkonon yana motsi. Kafin in kai gida sun haye min hannu har wuya, daren nan ni ma na san abin da kaji ke ji.

Abin da ya sa suke cika waje haka da sauri, ƙwansu kwana 2 zuwa 3 yake ƙyanƙyashewa, in akwai zafi da ɗan laima irin na faɗuwar damina kwana 7 kacal wadda aka ƙyanƙyashe ita ma ta fara zuba nata. Kowace mace in ta sha jini sai ta yi ƙwai 4 zuwa 8, ta koma ta sha ta sake yi, a rayuwarta ta kai kamar 30. Ki riƙe wannan kwana bakwai ɗin a ranki, duk aikin a kansa ya rataya.

Toh ga aikin. Ki zaɓi ranar da gari ya buɗe ba hadari, ki fara da sassafe, ki saki kajin, ki ɗaure kanki ki sa tsohuwar riga mai dogon hannu wadda za ki wanke da ruwan zafi bayan kin gama. Duk shimfiɗar ƙasa, ɓuntu ne ko garin katako ko ciyawa, a kwashe a ƙona nan take, kar a tara a gefen katanga wai za a kai gona, da ƙafarsu za su dawo. Buhu ko kwali ko tsohuwar tabarma da aka rufa wa akurkin saboda sanyi tun hunturu, su ma wuta, nan ne ma babban masaukinsu. Ki kira kafintan ya zare sandunan kwana da akwatin ƙwai da duk wani katako da aka ɗora kan wani aka buga, don tsakanin katako biyu ɗin nan da ko farce ba ya shiga nan suke cunkushe, haka ma inda kwanon rufi ya kwanta kan katako.

Sai ruwan zafi. Wannan ƙwaro in zafi ya haura digiri 45 ba ya rayuwa, shi da ƙwansa, kinga tafasasshen ruwa ya fi ƙarfinsa nesa. Amma kar ki watsa da bokiti, ki zuba a buta ki bi tsaga ɗaya bayan ɗaya da bakin butar, daga sama zuwa ƙasa, ki kori yara daga wajen. Bayan nan ki kaɗa omo mai kauri ki bi da buroshi, ruwan sabulu yana shaƙe su. Sandunan da akwatin ki wanke su haka ki shanya kan kwano a tsakiyar rana kina juyawa, ƙananan abubuwa kuma ki ɗaure a baƙar leda ki ajiye a rana wuni guda. In akurkin ya bushe ki dama farar ƙasa da kauri kamar kunu a shafe ciki da ita ana cusawa a tsagogi har su toshe. Bakin sandunan, inda za su koma raminsu, ki shafe da man da aka gama suya da shi ko basilin, don ta nan ne hanyarsu ta zuwa wajen kaza kuma a mai suke maƙalewa. Ƙasa ki barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka kafin sabuwar shimfiɗa.

Su kuma kajin ki samo tsohuwar taya ko fasasshen baho ki cika da yashi mai laushi da toka rabi da rabi, in kin samu garin farar wuta ki zuba ɗan cokali biyu uku, ki ajiye inda ruwan sama ba ya taɓawa su riƙa birgima.

Inda kowa ke faɗuwa shi ne nan: an yi aiki rana ɗaya an gaji, kwana uku kaji sun yi barci, sai a ce alhamdulillahi an gama. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Duk yadda kika bi akwai ƙwan da ya tsira a can ciki, saboda haka bayan kwana 5 zuwa 7 ki maimaita ruwan zafi da omo da man sanda, ki ƙara bayan wasu kwanakin haka, sau uku aƙalla, don ki riski waɗanda suka ƙyanƙyashe kafin su yi nasu ƙwan. Don ki san ko kina cin nasara ki yanko kwali irin mai ramuka a tsakiya ɗin nan, ki naɗe kamar tabarma ki ɗaure ƙarƙashin sanda, bayan kwana biyu ki warware a kan farar takarda ki bubbuga. Abin da ya zubo shi zai gaya miki gaskiya, kwalin kuma a wuta a sa sabo.

Kajin da suka koɗe jini suka rasa, ki ba su bitamin na kaji a ruwa kwana biyar, da ganyen zogale da gara ko ɓarɓashin busasshen kifi. Za su ɗan ƙara kwana suna gardamar shiga, tsoro ne, ki daure kina kamawa kina sawa. Maganar yarinya kuma ki duba amsa ta ƙarshe.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni matashi ne na fara da kajin ƙwai 300 a bayan gari cikin keji. Abin nan ya shigo min har ƙwai yana fitowa da ɗigon jini a ɓawo masu saye suna ƙorafi. Na sa fiya-fiya na fesa kajin na ciki, guda 9 suka mutu a ranar suna dalalar da miyau, kuma bayan kwana goma ƙwarin suka dawo kamar ban yi komai ba. Yanzu wani mai shago ya ce akwai maganin gara na gona da ke kashe su tas sau ɗaya. Ni dai mafi ƙarfi nake so a faɗa min sunansa kawai. Daga wani mai kiwo, Kano.

AMSA: Ɗana Allah ya mayar da alheri, amma bari in faɗa maka gaskiya ko ba daɗi, kai ka kashe kajin nan tara. Fiya-fiya dichlorvos ne, guba ce da ke kama jijiya, dalalar miyau da haki da ka gani alamarta ce, kuma kai da ka tsaya cikin ɗakin kana shaƙa Allah ne ya tsare. Tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin gona irin wannan a kasuwanni da manyan kantuna saboda yadda mutane ke amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Dawowarsu bayan kwana goma kuwa ba wai maganin ya yi sanyi ba ne, feshinka ya sauka a kan kaji da fili, su kuwa suna cikin mahaɗar keji da ƙarƙashin kwatamin abinci da cikin busasshen kashin da ya daskare a ƙarfe, ƙwansu ya ƙyanƙyashe bayan ka wanke hannu. Ɗigon jinin da ke ɓawon ƙwai ma su ne, ƙwan ke mirginawa ya murƙushe waɗanda suka ƙoshi.

Maganin garar da mai shago ke faɗa maka ka karanta jikin kwalbar, in ka ga fipronil ka ajiye masa abinsa. Ka san abin da ya faru a Turai a 2017? Can ma wannan ƙwaron ya addabe su, an ƙiyasta gonakin kajin ƙwai sama da kashi 80 cikin 100 suna da shi, sai wani kamfanin feshi a Holan ya riƙa bin gonaki da wani haɗi yana cewa na ganyayyaki ne, yana aiki kamar tsafi manoma na ta murna, ashe fipronil aka zuba a ciki, wanda doka ta hana a kusantar da shi ga dabbar da za a ci. Yana taruwa a kitsen kaza ya fito a gwaiduwa. Da aka gano, aka rufe ɗaruruwan gonaki a Holan da Beljiyam, aka kwashe miliyoyin ƙwai daga kantuna, abin ya taɓa ƙasashe sama da 40 har Hong Kong, aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa, daga baya kotu ta ɗaure shugabannin kamfanin su biyu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mu nan ba mai zuwa ya auna ƙwanka, amma ƙwan nan a shayin wani yake ƙarewa da kwanon abincin 'yan makaranta, kuma akwai Mai gani.

Abin yi, ka karanta amsar Hajiyar Funtuwa, keji ma haka ake bi da shi, a kankare kashi a wanke a bi mahaɗa. Da yake kajinka da yawa ka je wajen likitan dabbobi ya zaɓa maka maganin feshi da aka yi wa rajista don ɗakin kaji, irin su permethrin ko cypermethrin, ka bi awon da ke jikin kwalba ba ƙari, ka kwashe ƙwai ka rufe abinci da ruwa kafin ka fesa, ka sa takunkumi da safar hannu, ka maimaita bayan kwana 7. Sai dai ka sani a wurare da yawa ƙwaron ya saba da irin waɗannan, in an yi sau biyu daidai ba canji to a sauya dangin maganin gaba ɗaya, sauya sunan kamfani kawai ba ya komai. Akwai kuma wani magani, fluralaner, da aka amince da shi a Turai a 2017, a ruwan sha ake ba kaji sau biyu tsakani kwana 7, duk ƙwaron da ya sha jininsu ya mutu, ƙwai ana ci ba jira, nama sai bayan kwana 14. Yana da tsada, ka tambayi likitan a kansa.

Sannan ka duba ta ina suka shigo. Kiret ɗin kwali da dillalai ke dawo maka da shi daga gona zuwa gona, shi nake zargi kafin kowa. Kar ya ƙara shiga ɗakin kaji, a yi musayar ƙwai a bakin ƙofa.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Kazata tana kwanci kan ƙwai 12 cikin tsohuwar tukunya, kwana 15 sai ta tashi ta ƙi komawa. Da na duba da rana tsaka na ga ƙwarin suna yawo bisa ƙwan da jikin tukunyar har sun hau min hannu, jikinta ma akwai su wajen gindi. Wannan karo na biyu kenan. Mi ya kamata in yi? Daga wata mai karatu, Maraɗi.

AMSA: 'Yar uwa ina amsawa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Kaza mai kwanci ita ce abincin da ba ya gudu, kwana 21 tana zaune wuri ɗaya ga ɗumi ga duhu, wata ma a kan ƙwan ake tarar da gawarta jini ya ƙare. Taki ta yi wayo da ta tashi.

Tunda kin gan su da rana a jikinta wajen dubura, wataƙila naki 'yar uwar jar ƙuma ce ta ƙasashen zafi, Ornithonyssus bursa, ido ba ya bambanta su amma ita a jikin kaza da sheƙa take zama dare da rana. Sauƙinta ɗaya, in ba tsuntsu ba ta wuce kamar kwana 10. A nan dai ba za a bar kaza cikin gashinta ba, sai an bi jikinta, ki riƙe ta ki cusa tankaɗaɗɗiyar toka har fata, ƙarƙashin fiffike da gindi da wuya, ki kare mata ido da hanci, ko ki sayi hodar ƙwari ta kaji a shagon maganin dabbobi, a maimaita bayan mako.

Tukunya kuwa kin yi sa'a, ta fi akwatin katako sau goma, don iyayenmu sun san maganinta, a juye shimfiɗar a cika ta da busasshiyar ciyawa a cinna wuta a babbake ta ciki da waje, a fili nesa da danni da rumbu. In ta huce a zuba toka a ƙasa, sai ganyen dalbejiya busasshe, sai sabuwar ciyawa. Wasu na sa ganyen taba a ƙarƙashi, yana korarsu, a dai kula kar 'yan tsaki su tsattsaga. Kuma a yi haka tun ranar da za a sa mata ƙwai, a sake shimfiɗar a kwana na 7 da na 14 lokacin da ta fita cin abinci, aikin minti biyar ne. Dalbejiya ba camfi ba ne, a Jamus ma an yi maganin feshin wannan ƙwaro daga 'ya'yanta. Ni nakan daka rabin kilo na 'ya'yan in jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, in tace in ɗiga sabulu in fesa a bango, yana rage su sosai, amma ba ya ɗauke miki wahalar wuta da ruwan zafi.

Ƙwan nan 12, in awa kaɗan suka yi a buɗe ki goge su da busasshen ƙyalle, kar ki wanke, ki sa wa wata mai kwancin. In sun kwana sun wuni da sanyi sai haƙuri.

TAMBAYA: Malam ni tsohon ma'aikaci ne na yi ritaya ina ɗan kiwon kaji da zabi a ɗakin ƙasa. Nawa ƙwarin manya ne falan-falan kamar kuɗin cizo, a tsagar bango nake samunsu, kuma a hammatar kajin akwai wasu baƙaƙen ɗigo da suka maƙale ba sa fita. Kaji huɗu sun kwanta ƙafa ta mutu suna koren zawo. Ko shi ne abin da ake magana? Daga wani dattijo, Azare.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Naku ba jar ƙuma ba ce, yayarta ce, kaskar kaji, Argas persicus, kuma a ƙasarmu ta Arewa mai zafi da ɗakunan ƙasa ta samu gida. Ita ma da dare take fitowa ta sha ta koma bango. Baƙaƙen ɗigon da kuka gani a hammata 'ya'yanta ne, su suna maƙalewa kwanaki a jikin kaza kafin su faɗo. Ta fi jar ƙuma sharri ta wani wajen, don tana ɗauke da ƙwayar cutar Borrelia anserina mai kawo zazzaɓi da koren zawo da kasala, 'ya'yan kuma in sun yi yawa suna kashe wa kaza ƙafa. Waɗannan huɗun Baba a kai su asibitin dabbobi gobe da safe, irin wannan ciwon yana jin allura in an yi da wuri, kuma koren zawo yana kama da na wasu cututtukan masu share garke, gara likita ya gani da idonsa.

Ɗakin kuma a fitar da kaji, a bi tsagogin da wutar ƙaramin dami na kara in rufin ba na ciyawa ba ne, in jinka ce a sauke ta a ƙona a yi sabuwa, sannan a yi sabon yaɓe sumul a bi da farar ƙasa. Kaskar nan tana iya zama fiye da shekara ba ta sha jini ba, saboda haka duk tsagar da ta sake buɗewa a toshe. In zabin na kwana a bishiya ku duba ƙarƙashin ɓawonta, nan ma suna ɓuya. Ɗigon hammata a shafa musu basilin ko man gyaɗa. Haka ake yi wa ƙumar nan ta gaske mai taruwa baƙi ƙirin a gefen idon kaza da zanko, basilin da tsinken auduga, a kula da ido.

TAMBAYA: Malam in na kwashe kajin na kai gidan ƙanena wata ɗaya ƙwarin ba za su mutu da yunwa ba? Sannan wani yace in shafa wa kajin kananzir ko baƙin mai. Daga wani magidanci, Gusau.

AMSA: Malam wata ɗaya ko a jikinsu. Jar ƙuma tana kai wata 8 zuwa 9 a ɗakin da ba kaza, ranar da kajin suka dawo ta fito da yunwarta, ga shi ka raba wa ƙanenka iri. Amma in za ka iya kwashe su na kwana biyu uku don ka samu sararin wankewa da shanyawa, wannan ya yi. Kananzir da baƙin mai kuwa kar su taɓa jikin kaza, suna ƙona fata kuma tana gyaran gashi da baki ta haɗiye. In dole sai baƙin man, a zuba a gwangwani a tsoma ƙafafun akurkin a ciki, a rufa yadda 'yan tsaki ba za su faɗa ba.

TAMBAYA: Malam mu ba mu da kaji ko ɗaya amma sati biyu kenan wani abu ke cizonmu da dare a ɗaki, mun ɗaga katifa ba kuɗin cizo, sai wasu 'yan ƙananan abubuwa muke gani a bango kusa da silin. Tattabaru dai sun daɗe suna kwana cikin rufin, kwanan nan maigida ya sa aka toshe inda suke shiga. Daga wata amarya, Kaduna.

AMSA: Amarya kin amsa tambayarki da kanki. Ƙwarin tattabarun ne, an toshe wa abincinsu hanya aka bar sheƙar a ciki, yunwa ta koro su ƙasa suka same ku. Suna cizon mutum ya yi ƙuraje ja masu ƙaiƙayi amma ba sa zama a jikinmu kamar ƙwarƙwata, ba kuma sa yaɗuwa a kan jinin mutum yadda suke yi a kan na tsuntsu. Maigida ya sa a buɗe silin a kwashe sheƙa da kashin cikin leda a ɗaure a ƙona, mai aikin ya sa takunkumi, a yi feshi a can cikin rufin da maganin ƙwari na gida ku fita har iska ta bi ɗakin, a toshe tsagar da ke tsakanin silin da bango. Zanin gado da labule a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, katifa ma ta sha rana, gadon a janye shi daga jikin bango na ɗan lokaci.

Hajiyar Funtuwa wannan har da yarinyarki. Ta yi wanka da sabulu duk sanda ta fito daga akurki ta canja kaya, a shafa mata maganin ƙaiƙayin nan kalamin a ƙurajen, a yanke mata farce don susa ke mai da su gyambo. In suka kumbura ko suka fara ruwa a kai ta asibiti. Kafin ki gama zagaye ukun nan ki hutar da ita, ke ki riƙa ɗebo ƙwan da hantsi.